Ciwon Haƙori a Zangon Lome: Me Ya Sa Sai Kunci Ya Kumbura Muke Neman Asibiti?



Yau maganar haƙori za mu yi. Na san wani zai ce, ga tsadar masara, ga ruwan damina da ke shiga gidaje, ga samari zaune ba aikin yi, duk an rasa abin magana sai haƙori? To, a tambayi wanda matauninsa ya taɓa tashinsa ƙarfe biyun dare. Zai ce a wannan daren ya manta da bashin da ake binsa da wanda yake bi, ya zauna ya tashi, ya kurkure baki da ruwan gishiri, ya tauna kanumfari, ya kifa kai a bango yana jiran kiran assalatu.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, mutanen Zango ba masu gudun asibiti ba ne. Matanmu na zuwa awo. Ana kai jarirai rigakafi. Yaro ya yi zazzaɓi, ana goya shi a kai shi gwajin jini. Amma haƙori sai a yi ta lallaɓa shi wata da watanni, har shekara, ba za a nufi asibiti da shi ba sai kunci ya haye, ido ya ƙanƙance, baki ya ƙi buɗuwa. Amsar da aka saba bayarwa ita ce jahilci da sakaci. Ni ban gamsu da wannan amsa ba. Mutumin da ke kai zazzaɓinsa asibiti ya bar haƙorinsa a gida, wani abu ya gani. Ya yi lissafi ne, kuma lissafin nasa ya kamata mu duba.

Da farko dai, matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. A watan Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da babban rahoto kan lafiyar baki, inda ta ce mutane kusan biliyan 3.5, wato kusan rabin mutanen duniya, suna fama da wata cutar baki ko haƙori, kuma uku daga cikin kowane huɗu suna zaune ne a ƙasashe matalauta ko masu matsakaicin ƙarfi. Ruɓewar haƙori da ba a yi wa magani ba ita ce kan gaba, tana kan mutum kimanin biliyan 2.5. A yankin Afirka na hukumar, mutum sama da miliyan 480 abin ya shafa. Waɗannan alƙaluma sun nuna cewa tsarin kiwon lafiya a ƙasashe da yawa an gina shi ne an bar baki a waje.

Yanzu mu dawo gida. Dattawanmu suna tuna cewa Zango a da yana tsakiyar birni ne, kafin a rushe shi a 1977 a kwashe jama'a zuwa nan Agoe, wajen Togblekope, kusan kilomita 15 arewa da tsakiyar gari. An ɗauke mutane, amma ba a ɗauke manyan asibitoci an biyo su da su ba. Babban asibitin koyarwa na Sylvanus Olympio, inda sashen haƙori da muƙamuƙi yake, yana can Tokoin. Ɗakunan likitocin haƙori masu zaman kansu ma sun fi yawa a unguwannin da masu albashi suke. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen Togo sun haura miliyan 8, kuma fiye da miliyan 2 suna cikin Lome da kewaye. Birni ya miƙe arewa da gudu, ya cika Agoe, ya wuce har Adetikope, amma kujerar likitan haƙori tafiyar hawainiya take yi a bayansa. Likitocin ma kaɗan ne. An ɗauki shekaru masu yawa ɗan Togo da ke son wannan karatu sai ya fita waje, irin su Dakar da Abijan, kuma wanda ya dawo yakan zauna inda masu iya biya suke. Ba na zarginsa, kayan aikinsa tsada gare su. Amma sakamakon a kanmu yake ƙarewa.

Abin da ke kusa da talaka shi ne ƙaramin asibitin unguwa, wanda a tsarin ƙasar nan ake kira USP ko CMS. Nan ne ƙofar farko. Ku biyo ni mu shiga da mai ciwon haƙori. Ya sayi kati, ya hau layi tare da masu zazzaɓi da masu hawan jini. An kira shi, malamin asibiti ya ce buɗe bakinka, ya haska da fitilar wayarsa, ya ga rami baƙi ƙirin a matauni. A yawancin irin waɗannan wurare babu kujerar haƙori, babu kayan ciko, shi kansa malamin ba a koya masa abin da zai yi da ramin ba. Sai ya rubuta maganin kashe zafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ce idan bai daina ba ka tafi babban asibiti. Mai ciwo ya fito ya dubi takardar, ya ga sunayen ƙwayoyin da mai tallar magani a bakin tasha yake sayarwa ba tare da kati ba, ba tare da layi ba. Me kuke tsammani zai yi idan ciwon ya dawo? Ya riga ya koyi darasi: ƙaramin asibiti ba wurin haƙori ba ne. Kuma zai koya wa matarsa da maƙwabcinsa.

Sai maganar kuɗi. Tun bayan yarjejeniyar Bamako ta 1987, ƙananan asibitoci a ƙasashenmu sun dogara sosai da abin da majiyyaci ya biya daga aljihunsa. Mafi ƙarancin albashi a Togo tun Janairun 2023 sefa 52,500 ne a wata, kuma da yawa daga cikinmu ko wannan ba su da tabbacinsa, don abin da aka samu yau shi za a ci yau. Ku ɗauki mai koko da ƙosai a bakin babbar hanyar arewa, wadda direbobin manyan motocin Burkina da Nijar da Mali ke karyawa a wurinta. Idan za ta je ganin likitan haƙori, ga kuɗin zemijan, wato babur ɗin haya, zuwa da dawowa, ga kuɗin ganin likita, ga hoton haƙori, ga aikin kansa, ga magani. Sannan ga wanda ba a rubuta shi a rasit: ranar ba ta dama koko ba, ba ta soya ƙosai ba, masu sayenta sun koma wurin wata. Idan aka ce mata aikin sai ta dawo sau biyu ko uku, maganar ta mutu.

An ƙaddamar da inshorar lafiya ta bai ɗaya a farkon Janairun 2024, ƙarƙashin hukumomin INAM da CNSS, kuma mataki ne mai kyau. Sai dai an fara ta ne da masu albashi da 'yan fansho. Zango kuwa unguwar fatake ce, da mahauta, da teloli, da dillalai, da masu gyaran mota, da mata masu sana'a a cikin gida. Duk wani faɗaɗawa zuwa ga masu sana'ar kansu, abin da ya kamata mu sa wa ido shi ne ko ya haɗa da duba baki, da wanke dattin da ya daskare a gindin haƙora, da ciko, tun ciwo bai yi nisa ba.

A nan ne abin ya zama zobe, kuma ina so ku saurara da kyau. Saboda nisa da tsada, mutum ba ya zuwa sai haƙori ya lalace. Haƙorin da ya lalace kuwa, ko dai a yi masa aikin jijiya mai tsada da ɗaukar lokaci, ko a cire. Talaka zai ce a cire. Ya dawo unguwa da auduga a baki da giɓi. Duk wanda ya gan shi sai ya ƙara yarda cewa aikin likitan haƙori cirewa ne kawai. To wa zai kai haƙorinsa mai ɗan ƙaramin rami wurin mai cirewa? Sai ya ɓoye shi har ya lalace, shi ma a cire. Haka muke ta zagayawa. Mutane da yawa a unguwar nan ba su taɓa ganin wanda aka yi wa ciko ya ci gaba da tauna nama da haƙorinsa ba, shi ya sa ba su san akwai wannan hanyar ba.

Tsoro kuma ya samu gindin zama. Ana cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido. Ba ya taɓawa. Abin da ke iya kaiwa ga ido shi ne ruɓar da aka bari ta yi mugunya ta bi ta sama. Ana cewa mai ciki ba a taɓa mata haƙori. Ana dubawa, ana wankewa, ana yin ciko, a dai gaya wa likita watannin cikin. Ana kuma cewa tsutsa ce ke cin haƙori, har akwai masu yawo da hayaƙi da ƙwarya suna nuna wa mutane wai ga ta ta fito. Babu tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin farin dattin da ke liƙe wa haƙori. Duk lokacin da sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke zaizaye ɓawon haƙori a hankali. Farkon abin babu zafi ko kaɗan. Daga baya a ji tsam idan an sha ruwan sanyi ko an ci zaƙi. Idan ramin ya kai jijiya, shi ne daren da na ambata.

Ga kuma tarkon da ya fi kama mutane. Bayan kwanaki ana shan azaba, sai ciwon ya lafa da kansa. Mutum ya ce alhamdu lillahi, maganin wane ya yi aiki. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cuta kuwa sun samu hanya, sun gangara saiwa, sun shiga ƙashi. Daga nan mugunya take taruwa, kunci ya kumbura, wani lokaci kumburin ya sauka ƙarƙashin haɓa ya danne maƙogwaro. Ana rasa rai ta wannan hanya, a kan haƙori guda ɗaya. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa yawan haɗiyar magungunan kashe kumburi irin su ibuprofen da diclofenac ba tare da an gyara haƙorin ba yana ɓoye alamun cutar har ta bazu. Na taɓa ganin saurayi a wani shagon gyaran babur ya tsoma auduga a ruwan batir zai cusa a ramin haƙorinsa, abokansa na ba shi ƙwarin gwiwa. Wasu fetur suke ɗigawa, wasu su niƙa asfirin su danna a dasashi har ya ƙone ya yi fari. Duk wanda ya kai ga sa ruwan batir a bakinsa, azaba ce ta kai shi bango, kuma bai ga wata ƙofa a buɗe ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato harshe da kunya. A asibitocin Lome ana magana da Faransanci ko Ewe da Mina. Tsohuwar da ta tashi da Hausa ko Kotokoli ko Zabarmanci sai ta nemi jika ya raka ta, shi kuma yana makaranta. Ta zauna an kwantar da ita a kujera, an kunna fitila a fuskarta, namiji baƙo ya sunkuyo da ƙarfe a hannu yana magana da yaren da ba ta ji sosai. Ko da likitan mutumin kirki ne, ba za ta so komawa ba. Wani kuma warin bakinsa yake jin kunya, yana tsoron a yi masa faɗa a gaban mutane. Kalma ɗaya ta wulaƙanci daga bakin ma'aikaci tana iya hana gida guda zuwa asibiti shekara da shekaru.

Yanzu bari in juyo kanmu, don mu ma muna da namu kason. Muna alfahari da aswaki, kuma abin alfahari ne. Sunna ce, tsafta ce, kuma idan aka iya amfani da shi yana kankare dattin haƙori sosai. Sau da yawa nakan ji ana cewa kakanninmu da aswaki kaɗai suka tsufa da haƙoransu talatin da biyu. Amma kakanninmu ba su sha sukarin da muke sha ba. Ku tsaya wurin mai shayi da safe ku ƙirga cokalin da yake zubawa a kofi ɗaya, sannan ya kwarara madarar gwangwani mai zaƙi a kai. Da rana lemon kwalba ko zoɓo, da yamma ataya zagaye uku, kowanne ya fi na baya zaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wajen ƙaramin cokali 12, kuma idan an rage zuwa rabin haka ya fi. Wani kafin azahar ya wuce wannan. Kuma a wurin haƙori, yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin illa: alewa ɗaya da yaro zai yi ta tsotsa tun safe har hantsi ta fi ɓarna a kan wadda ya tauna ya haɗiye.

Aswaki kuma yakan tsaya a haƙoran gaba, waɗanda ake gani idan an yi murmushi, ya bar matauna can ciki. Shi ya sa nake cewa a riƙe aswaki da rana, a haɗa da buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid safe da dare, musamman kafin barci. A tofar da kumfar, kada a kurkure da ruwa nan take. Fuloraid yana ƙarfafa ɓawon haƙori, amma shi ma da ma'auninsa. Mutanen yankin Kpeme da Hahotoe, inda ake aikin ma'adinin fosfat, sun san yadda yawansa ke rina haƙoran yara. Don haka ƙaramin yaro ɗan kaɗan ake lakata masa, kuma a hana shi haɗiyewa.

Yara su ne suka fi ba ni tausayi. Idan haƙorin yaro ya ruɓe sai mu ce ai na nono ne, zai famfare. Alhali yaron ba ya barci, ba ya cin abinci sosai, ba ya gane karatu. Sannan a wajen shekara shida akwai matauni na dindindin da ke fitowa can baya, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna ɗaukarsa na nono ne, su bar shi ya ruɓe, shi kuwa ba ya da magaji.

To me za a iya yi, tunda ba za a samu likitan haƙori a kowane ƙaramin asibiti gobe ko jibi ba? Abin farin ciki shi ne, yawancin abin da muke buƙata ba ya neman babban inji. A tsakiyar shekarun 1980, a ƙasar Tanzaniya, aka fara gwada wata hanyar ciko wadda ba ta buƙatar wutar lantarki ko injin huda haƙori. Da ƙananan kayan hannu ake kankare ruɓar, a cike ramin da wani irin siminti da ke manne wa haƙori yana sakin fuloraid a hankali. Ana iya yin ta a kan benci a aji. Akwai kuma wani ruwan magani mai haɗin azurfa da fuloraid, wanda ake ɗigawa a ramin haƙorin yaro ya tsayar da ruɓar, illarsa dai wurin yakan yi baƙi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan siminti, da wannan ruwan magani, da man goge baki mai fuloraid cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. A shekarar ce kuma babban taron hukumar ya zartar da ƙudurin cewa a shigar da lafiyar baki cikin kiwon lafiya na matakin farko. Hanya a buɗe take, saura a bi.

Abin da nake roƙo a bayyane yake. A horar da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitocin Agoe su iya duba baki, su gane ramin da za a cike da wanda za a tura gaba, su kuma san inda za su tura da ranar da za a karɓi mutum. Ungozoma da ke awo ta ce wa mai ciki buɗe baki in gani, don dasashi yakan kumbura ya yi jini lokacin goyon ciki. Mai ciwon sukari da ya zo gwaji a duba dasashinsa, don cututtukan biyu suna ƙara wa juna ƙarfi. A ware rana ɗaya a mako da likitan haƙori zai sauko ƙaramin asibiti, a sanar da ranar a masallatai, a kuma rubuta farashin kowane aiki a manna a bango. Mutum ya san nawa zai riƙo tun daga gida, don rashin sanin kuɗin ma yana hana zuwa. A samu mai jin Hausa da Kotokoli a wurin, a samu mace cikin ma'aikata.

Duba bakin yaro na minti ɗaya yana iya ceton fuskarsa. Cutar noma, wadda ake kira zaizayar baki, tana kama yara masu shekara biyu zuwa shida da ke fama da tamowa. Da kumburin dasashi da wari take farawa, cikin kwanaki ta huda kunci. Idan ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma suna mutuwa, amma idan aka gane ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsafta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti guda da aka kafa dominta tun 1999, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa a Disambar 2023 aka shigar da ita jerin cututtukan da duniya ta yi wa riƙon sakainar kashi. Wanda zai fara ganinta ba ƙwararren likita ba ne. Uwa ce, sai malamin ƙaramin asibiti, idan an koya musu abin da za su duba.

Sarakunan Zango da limamai da malaman Islamiyya da shugabannin ƙungiyoyin mata, wannan magana ku za ku ɗauka ku kai wa magajin gari da jami'an lafiya na Agoe. Mun iya haɗa kuɗi mu gina masallaci mai hawa biyu, mun iya adashi na biki da na aikin Hajji. Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar baki ta duniya. Ba abin da zai hana makarantunmu su gayyato ma'aikatan lafiya a ranar, a jera yara a duba bakin kowa, a rubuta sunayen masu rami, a bi su har a cike.

Kafin in sallame ku, ga mai fama da haƙori a daren nan. Idan kunci ya kumbura kuma ga zazzaɓi, ko kumburin ya sauko wuya, ko ya hau wajen ido, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar miyau da numfashi sun fara wuya, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya wurin mai tallar magani. A nemi abin hawa a tafi babban asibiti yanzu. Haka ma gyambon baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, musamman ga mai shan taba ko mai cusa ta a leɓe, a kai a duba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.